Na Hau Bijimin Kafin In Sayar

Wata bakwai na yi a kwance. Tifa ce ta kaɗe ni a kan acaɓa a hanyar Tumfure, ƙafar hagu ta karye wuri biyu, aka sa ƙarfe a ciki. Mashin ɗin ba nawa ba ne. Mai shi ya zo ya kwashe abin da ya rage ya tafi. Kafin acaɓa kiwo nake yi. Shanun babanmu sun tafi a yini ɗaya, ɓarayi suka kore su, ƙanena ya bi sawunsu bai dawo ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

Ɗaki ɗaya muke haya, ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu, can ƙarshen Tumfure inda sababbin gidaje ke cin gonaki. Ita ta riƙe gidan a lokacin. Da safe ta dama fura, da yamma ta soya awara a ƙofar gida. Ni kuwa ina kan tabarma ina kallon rufin kwano.

Maƙwabcinmu yana da shagon cajin waya a bakin titi. Babarbare ne, sa'ana, mai tumbi da yawan surutu. Tun ranar da ya ji ni Bafulatani ne ya ce Allah ya kawo masa bawa har gida. Na ce masa kakansa ne ke ɗauke wa kakana kashin shanu. Daga nan muka saba. Shi ke karɓar wayata ya yi mini caji, don unguwarmu wuta sai ta ga dama take zuwa. Wata rana ya dawo da ita ya ce ya sa mini wani abu a ciki, wai ya gaji da ganin fuskata kamar ta mai zaman makoki.

Wasa ne. Wata duniya ce a cikin wayar, da dazuzzuka da duwatsu da garuruwa masu ganuwa, da dodanni iri-iri. Mutane daga ƙasashe da yawa suna ciki lokaci guda, kowa da ɗan mutuminsa da yake juyawa da yatsa. Da farko sai ka zaɓi naka. Akwai mai takobi, akwai mai baka, akwai wata mai wuƙaƙe biyu. Na ga wani mai doguwar riga riƙe da sanda, na ce wannan makiyayi ne, shi nake so. Babarbare ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Ya ce boka ne, wuta yake jefawa da sandar. Na ce na riga na zaɓa.

Ban yi boko ba. Duk rubutun wasan Turanci ne, ni kuwa ko na Hausa ba na haɗawa. Da launi na koya. In ka kashe dodo yakan zubar da kaya. Mai ruwan toka tarkace ne. Kore da dama-dama. Shuɗi yana da kuɗi. Babarbare ya ce akwai mai ruwan zinariya, amma shi shekara biyu yana wasan bai taɓa ganin ya faɗo ba. In rubutu ya taso a fuskar waya da maɓalli biyu, ja da kore, kore nake dannawa. Haka ya koya mini ranar farko, kuma ban ga ya cuce ni ba.

Wata biyu ina shan kashi. Mai sandana ba shi da ƙarfi, mari biyu ya faɗi. Daga baya na lura da wani abu. Dodannin nan ba su da wayo, dabbobi ne. In ka wuce kusa da su za su bi ka, in ka yi nisa su koma inda suke kiwo. Kowane iri da wurin kwanansa da lokacin fitowarsa. Sauran 'yan wasa ɗaya-ɗaya suke sara, suna gaggawa. Ni sai na riƙa zagaye su ta gefe kamar yadda ake tattara garke, in taɓa na ƙarshe, in taɓa na tsakiya, su biyo ni duka, in shigar da su wani kwazazzabo mai baki ɗaya, in hau dutse in sakar musu wuta. Kaya su zube kamar an girgiza kanya. Ranar da Babarbare ya ga haka, ya ja kujera ya zauna. Can ya ce, “Fillo, ashe ko aljanu ka samu sai ka yi kiwonsu.”

Shi ya nuna mini kayan nan ana sayar da su. Akwai wani zaure a waya na masu wasan, 'yan Gombe da Bauchi da Yola da wasu wurare, inda ake tallar kaya a biya da kuɗin gaske. Masu aikin ofis ba su da lokacin farauta, suna da kuɗi. Ni ina da lokaci. Ya zama dillalina. In tara shuɗi da kore, shi ya yi magana da su, ya cire la'adarsa ya kawo mini saura. Ba wani abin kirki ba ne. Yana sayen data, wani lokaci sabulu da man gyaɗa. Matata ta tambaye ni sau ɗaya ko caca ce. Na ce ba na zuba komai don in ci, aiki nake yi ana biya. Ta dubi babban yatsana da ya yi kanta, ba ta sake tambaya ba.

Bazara ta shigo. Wayar takan yi zafi har ta daina motsi, sai in ɗora ta a jikin randa ta huce. A irin wannan rana Bappa ya zo, ƙanen babanmu. Rugarsa tana gaba da Tumfure, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a keke napep ba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi ƙafa. Bai saba zuwa haka kawai ba, na jira.

Maganar karsana ce. Shekaru kafin abin da ya faru, babanmu ya ba shi wata jar saniya. Ta mutu, 'yarta ma ta mutu, saura jikarta, karsana mai shekara biyu. Duk duniya ita kaɗai ta rage daga jinin garkenmu. Bappa ya ce dole ya sayar da ita. Ciyawa ta ƙare, sauran shanun suna buƙatar dusa, ga damina tafe babu iri. Ya ce bai so ta shiga motar 'yan kudu ban sani ba. Ya yanka kuɗinta, ya ce zai jira ni kasuwa uku. In na kawo kuɗinta, tawa ce, ta ci gaba da zama a garkensa. In ban kawo ba, ranar kasuwa ta uku zai kai ta kara, kasuwar shanu.

Na ce to. Ya dubi ƙafata, ya dubi ɗakin, ya san babu. Ni ma na sani. Ya yi abin da ya kamata ne kawai, ya faɗa mini.

Akwai wani tafki a cikin wasan, bayan wani dutse, da mutane ba su cika zuwa ba don babu abin kashewa sosai. Na daɗe da ganin wani sawu a bakinsa, babban kofato, ba na dodannin wurin ba. Sau biyu na hango mai sawun daga nesa. Farin bijimi ne mai dogayen ƙahoni da fukafukai. Da ka matso sai ya ɓace. Na lura ba ya zuwa sai an yi ruwa a cikin wasan an ɗauke, kuma ta gabas yake saukowa. Dabba ce mai ƙishi da tsoro, na san irinta. Kwana huɗu bayan zuwan Bappa, da hantsi, aka yi ruwan. Na ɓoye mai sandana a cikin ciyawa ta inda zai juya in ya firgita, ba ta inda zai sauko ba. Ya sauko, ya sha, na jefa wuta bayansa, ya juyo kaina. Mun daɗe muna yi. Da ya faɗi abu ɗaya ya bari a ƙasa, ragama mai ruwan zinariya.

Na aika babbar 'yata ta kira Babarbare. Ya shigo yana mita wai na raba shi da kwastoma. Ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da idonsa, ya sake dubawa. Ya ce wannan ragamar duk wanda ya mallake ta ya mallaki bijimin, ya hau shi ya tashi sama. Ya ce a duk zaurenmu babu mai ita. Na tambaye shi ko za ta sayi karsana. Ya ce za ta saya, har a samu canjin da zan ɗinka wa uwargida atamfa, in kuma sayi sabulu in yi wanka don Fulani ba su san shi ba. Ya ɗauki hotonta ya ce zai sa a zaure, in ajiye masa ita, yana zuwa bayan la'asar. Ya fita da sauri har ya bar takalminsa ɗaya ya dawo.

Na zauna da wayar a hannu. Abin da na yi tunani shi ne mai saye zai tambaye ni. Zai ce yaya tafiyarsa, yana ɗingishi, yana tsorata, yana jin ragama? Me zan ce? A gidanmu ba a kai dabba kara sai an buɗe bakinta an ga haƙora, an ɗaga kofato, an kora ta an ga takunta. Babanmu ya taɓa dawo da wani bijimi daga bakin kasuwa, tafiyar rabin yini, don ya ga yana jan ƙafar baya kuma bai san dalili ba. Ya ce ba zai tsaya gaban mutum ya ce lafiyarsa ƙalau alhali bai sani ba. Ni ban taɓa sayar da abin da ban gwada ba. Ko kore da shuɗin nan sai na ɗaura wa mai sandana na ga aikinsu kafin in ba da.

Na danna ragamar. Rubutu ya taso, mai tsawo, ya fi na kullum. Ja da kore. Na danna kore.

Bijimin ya fito daga ƙasa, mai sandana ya haye. Na tura yatsa gaba. Ya yi taku uku ya buɗe fukafukai, tafkin ya koma kamar ƙwarya a ƙarƙashina. Na bi ta kan dajin da na yi wata biyar ina ratsawa da ƙafa, na ga kwazazzabona, na ga garin da ganuwarsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Wata bakwai ban yi abin da ya fi rarrafe zuwa bayan gida ba. Ƙaramar 'yata ta zo ta kwanta a kafaɗata tana cewa in bi ta cikin gajimare. Na bi. Ba shi da aibi ko ɗaya. Na sauka na mayar da ragamar jaka. Na ga wani ɗan ƙaramin kwaɗo ya fito a gefenta, irin na kulle ƙofa. Ban kula ba.

Bayan la'asar Babarbare ya dawo da murna. Mutum uku sun taya, ɗaya yana jira a kan layi. Na ce masa ya gaya musu na gwada, lafiyarsa ƙalau, takunsa mai kyau.

Ya tsaya. “Ka yi me?”

“Na hau.”

Ya fizgi wayar. Ya ga kwaɗon. Ya zauna a ƙasa, shi da ba ya zama a ƙasa saboda tumbi. Ya ce rubutun nan mai tsawo gargaɗi ne. Yana cewa in ka hau sau ɗaya, ragamar ta ɗaure da mutuminka har abada, ba ta sayuwa, ba ta kyautuwa. Wadda ba a taɓa hawa ba ita ake saye.

Na ce wane irin mai saye ne zai ƙi dabba don an gwada ta. Ya ce ba dabba ba ce, hoto ne, hoto ba ya ɗingishi. Ya ce laifinsa ne da ya bar Bafulatani da saniya a ɗaki ɗaya ba mai tsaro. Ya so ya yi dariya abin bai fito ba. Ya kira mai jiran ya ba shi haƙuri, ya tafi.

Matata ta ji komai daga inda take tace waken awara. Ba ta yi faɗa ba. Da ta kawo tuwo ta ce, tun da an samu ɗaya ai za a samu na biyu. Na koma tafkin. Kasuwa ta farko ta wuce ina cikin ciyawa. An yi ruwa sau biyar, bijimin bai sauko ba. Babarbare ya bincika ya ce wanda ya riga ya samu ba ya sake fito masa. Na koma kwazazzabo ina tara shuɗi daga safe har magariba, yanzu da sauri tunda ina tashi sama, amma ko na yi wata uku a haka ba zai kai ƙafar karsana ɗaya ba. Kasuwa ta biyu ta wuce.

Washegari Babarbare ya zo bai zolaye ni ba. Ya ce hanya ɗaya ta rage. Ragamar ba ta rabuwa da mai sanda, to a sayar da mai sandan gaba ɗaya, da bijiminsa da jakarsa da rigarsa da duk abin da ya tara. A ba mai saye mabuɗin shiga, wato lambar sirri, ya canza shi, shi ke nan. Ya ce akwai wani Alhaji a Nasarawo da ya tambaya. Kuɗin ba zai kai na ragama sabuwa ba, don ba kowa ke son boka ba, amma wataƙila ya kai inda muke so.

Na ce a'a. Ya tambayi dalili, na ce a'a kawai. Ya tafi.

Dalilin shi ne na san sayar da dabba ɗaya, na kuma san wayewar gari babu garke. Mai sandan nan tsirara na same shi da ɗan kamfai, doguwar rigar ta hoton wurin zaɓe ce kawai. Duk abin da ke jikinsa ni na nemo. Shi ke kawo sabulun gidan. In ya tafi na koma kallon rufi. Abin kunya ne babba kamata ya ji haka a kan hoto, amma haka na ji.

Matata ta bar ni har kwana biyu. Rana ta uku tana damun fura, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Baban yara, shi farin naka yana haihuwa?”

Na ce ba ya haihuwa.

“Karsanar fa?”

Na kife wayar a kan tabarma. Ta ce wanda ya koyi tara dodannin nan sau ɗaya ai hannunsa bai manta ba, kuma ba hannun za a saya ba. Ta ce yaran nan ba su taɓa shan nonon saniyar gidansu ba, kullum na saye take damawa. Ta ci gaba da aikinta. Na aika a kira Babarbare.

Ana jibi kasuwa ta uku muka tafi Nasarawo. Ranar na fara fita unguwa tun da aka dawo da ni daga asibiti. Na ce a yi cinikin ido da ido, ban yarda da na waya ba. Babarbare ya rufe shago, ya tare keke, ya cusa ni baya da sandunan dogarawata, ya zauna gefe ya danne ni da tumbi. Da muka zo daidai inda tifa ta same ni na kalli wurin. An buɗe shagon sayar da siminti a gefen. Mai keke yana ta ba da labarin tsadar mai.

Alhajin tayil yake sayarwa, irin na daɓen ɗaki. Bakatsine ne, da furfura a gemu, ya girme ni nesa. Na zaci ɗansa ne mai sayen. Ya sallami wani kwastoma, ya leƙa waje, ya shigar da mu can ciki bayan kwalaye, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da wata babbar waya. Ya ce kada mu ɗaga murya, a masallacin layin shi ke tsayawa sahun gaba. Ya ce likita ya hana shi goro da shayi mai sukari, wannan kaɗai ya rage masa. Shekararsa ɗaya yana wasan da mai takobi, kullum kashe shi ake yi.

Aka kawo ruwan sanyi. Ya ce in faɗi kuɗi. Na ce mai saye ke tayawa. Amma kafin ya taya, ya saurari aibin kayan. Babarbare ya taka mini lafiyayyar ƙafar, na janye. Na ce mai sandan nan ba ya jure duka, mari uku ya faɗi. Rigarsa shuɗiya ce amma takalminsa kore ne, ban samu na kirki ba. Ragamar a kulle take, ba zai iya sayar da ita daban ba. A garin da ke gabas masu gadi ba sa ƙaunarsa, don na taɓa ƙona musu rumfa bisa kuskure.

Alhaji ya kalli Babarbare. “Wannan sayarwa ya zo yi ko hana ni saye?”

“Haka suke, Alhaji. Shi ya sa har yau suke bin saniya a daji.”

Ya ce in nuna masa bijimin. Na hau na tashi, na ba shi wayar ya riƙe. Ya yi ta juya jikinsa hagu da dama a kan kujera kamar shi ke sama. Sannan ya ce in nuna masa abin da Babarbare ya ba shi labari, kiwon dodanni. Na tattaro masa garke guda na shigar kwazazzabo na saki wuta. Ya ce in sake. Na sake. Wani ya yi sallama a waje yana neman tayil, Alhaji ya ce a ce masa ana lissafi.

Ya taya. Na ce albarka. Ya ƙara kaɗan, na ce albarka. Ya ce takalmin kore ne fa, da bakina na faɗa. Na ce shi ya sa ban nemi kuɗin shuɗi ba. Babarbare ya shiga tsakani yana jan wannan yana jan wancan, yana rantsuwa da abin da bai sani ba. Alhaji ya tambayi me zan yi da kuɗin da na kafe haka. Ban so faɗa ba. Babarbare ya faɗa. Alhaji bai yi mini kyauta ba, ɗan kasuwa ne. Ya dai ƙara har ya kai daidai abin da Bappa ya yanka da la'adar dillali, ya ce daga nan ko sisi. Babu atamfa, babu canji.

Na ce na sallama.

Babarbare ya karɓi wayoyin biyu ya ajiye gabansa. Ya ce ba mai taɓawa sai kuɗi sun shigo. Alhaji ya tura. Muka zauna muna jira, netwok yana wasa da mu, Alhaji yana ta ba ni labarin wani dodo mai kai biyu da ya hana shi wucewa wata gada. Na gaya masa ya daina zuwa ta gaba, ya jira ya juya zai sha ruwa. Wayar Babarbare ta yi ƙara. Ya duba, ya nuna mini, duk da ya san ba zan karanta ba. Ya shigar da mabuɗin a wayar Alhaji, Alhaji ya canza shi. Tawa ta koma shafin farko, inda ake zaɓar mutum. Na sa ta aljihu.

Da za mu fita Alhaji ya riƙe hannuna. Ya ce ya ga yadda na yi amma ya san in ya gwada tattake shi za su yi. Ko zan riƙa zuwa ranar Asabar in koya masa, zai biya kuɗin keke da na wahala. Ya ce akwai abokansa biyu ma, wani mai kemis da wani, duk kashe su ake yi. Na ce zan zo.

Washegari da sassafe muka cire kuɗin muka ɗauki keke zuwa rugar Bappa, ni da matata da yaran da Babarbare, wanda ya ce dole ya ga abin da ya rufe shago kwana biyu a kansa. Mun tarar an riga an ware ta an ɗaure a turke, an shirya ta don gobe. Ja ce, ramammiya, ƙashin bayanta a waje, kunnen dama a tsage. Na buɗe bakinta na duba haƙora. Na sa Bappa ya ɗaga mini kofato tunda ba na iya sunkuyawa. Na ce a kwance ta a kora. Takunta daidai. Da Babarbare ya matso zai shafa ta, ta kai masa harbi, ya ja da baya ya faɗa kan tarin kara. Ya ce ko ba a faɗa ba ya san 'yar gidanmu ce.

Bappa ya karɓi kuɗin ya sa a aljihun ciki. Ya yi ta kallona. Ya san ban da gona, ban da mashin. A ƙarshe ya tambaya me na sayar.

Na ce bijimi.

“Na wa?”

“Nawa.”

“A ina kake kiwonsa?”

Na ce a Tumfure. Ya tambayi launinsa, na ce fari. Ya tambayi shekarunsa, na ce ban buɗe bakinsa ba amma na hau shi, ba ya ɗingishi. Babarbare ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Matata ta ja mayafi ta rufe baki. Bappa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi dai in halal ne shi ke nan. Na ce halal ne, da dillali da shaida.

Ya ce to. Ya ce in damina ta yi kyau ta murmure, kafin kaka za a iya haɗa ta da bijimi. Kanwa da allura a kaina suke, kada in zaci ya manta. Goggo, matarsa, ta fito da ƙwaryar kindirmo ta ba yaran. Babbar ta tambaye ni ko za ta iya riƙe igiyar. Na ce ta riƙe ta gefen hagu, kusa da wuya, kada ta tsaya a bayanta. Mai keke ya fara danna hon daga bakin hanya. Na ce a gaya masa ya jira, za a kai ta rafi tukuna.